Kafson amino asid da ciwon suga: a saya wa Hajiya ko a bari?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Hajiyarmu shekararta 62, tana fama da ciwon suga shekara 9 ke nan, tana shan metformin da glibenclamide. Jiya wata 'yar uwar maƙwabciyarmu ta zo da wata roba ta kafso, an rubuta amino asid a jiki. Ta ce shi insulin ɗin da jiki ke rasawa, wato sinadarin da ke saukar da suga a jini, da amino asid ake ƙera shi, don haka idan Hajiya ta sha na wata uku jikinta zai koma yin nasa, ta rabu da maganin asibiti gaba ɗaya. Roba ɗaya naira dubu 28, ta wata guda. Hajiya ta ɗora rai sosai, tun safe take kirana. Kuɗin ba ƙaramin abu ba ne a wurina, amma in da gaske ne ko bashi zan ci.

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ki saya mata. Ni gani ya kori ji. Wata biyu ke nan ina sha, sugana da yake kai 240 da safe yanzu 130 yake nunawa, wani lokacin ma ƙasa da haka. Kasalar da nake fama da ita ta tafi.

Sista Rabi: Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kafin komai, Maman Ilham, don Allah kada a taɓa maganin asibitin nan. Duk abin da za a tattauna a tattauna, amma metformin ɗinta ta ci gaba da sha yau da gobe. Abu Safwan, ina tambaya: ka daina naka maganin da ka fara kafson?

Abu Safwan: A'a ban daina ba tukuna. Wanda ya sayar mini ya ce sai an cika wata uku.

Sista Rabi: Me kuma ya ce ka canza?

Abu Safwan: Ya ce in bar lemon kwalba, in bar zuba suga a shayi da fura, tuwon dare in rage shi rabi, sannan in riƙa tattaki bayan sallar asuba. Duk na bi.

Sista Rabi: To ai ka ga inda maganar take. Waɗannan abubuwa huɗu su ne muke roƙon marasa lafiya su yi kullum a asibiti. Mutum ya bar lemo, ya rage tuwo, ya fara tafiya a ƙasa, yana kuma shan maganinsa, sugansa zai sauka ko da kafso ko babu. Na yi maka murna wallahi, amma ƙoƙarinka ne.

Abu Safwan: Sista, ai shekara uku likita na gaya mini haka, ban ga canji ba sai yanzu.

Baba Tanko: Ɗana, a shekara ukun nan ka bi abin da likitan ya ce?

Abu Safwan: Gaskiya Baba ban bi sosai ba.

Malam Bashir mai famasi: Salamu alaikum. Yanzu na rufe shago na ga maganar. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, saboda abin da matar nan ta gaya wa Hajiya akwai gaskiya a farkonsa, shi ya sa yake shiga kunne.

Amino asid su ne tubalan da ake gina furotin da su, wato abin da muke kira abinci mai gina jiki. Iri 20 ne jiki ke aiki da su. Guda 11 jiki na iya haɗa su da kansa, guda 9 kuwa dole sai daga abinci. Duk lokacin da kika ci ƙwai ko wake ko kifi ko nono, cikinki yana farfasa furotin ɗin ya koma amino asid, hanji ya tsotse, jini ya rarraba. Kenan Hajiya tana shan amino asid kullum tun da aka haife ta.

Gaskiya ne kuma insulin furotin ne, amino asid 51 ne a jere cikin sarƙa biyu. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Sanger, shi ya gano jerin nasu a shekarun 1950, har aka ba shi kyautar Nobel a 1958. Inda maganar ta karkace shi ne a ce ƙarancin tubali ne ya hana jiki yin insulin. Insulin ɗin da mutum ke buƙata a yini ɗan mitsitsi ne ƙwarai, amino asid ɗin da ke cikin ƙosai ɗaya ya ninka shi nesa ba kusa ba. Matsalar mai ciwon suga nau'i na biyu, irin na Hajiya, guda biyu ce: tsoka da hanta sun daina sauraron insulin yadda ya kamata, sannan ƙwayoyin da ke yin sa a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, sun gaji, wasu sun mutu. Idan magini ya kwanta ciwo, tirela goma ta bulo ba za ta ɗaga katanga ba.

Maman Ilham: Malam Bashir na gode. Kenan ba shi da wani amfani ko kaɗan?

Malam Bashir mai famasi: Ba zan ce haka ba, don kada in yi ƙarya. Wasu amino asid, musamman leucine da arginine, suna zaburar da fankiriyas ya saki insulin. Wannan sananne ne tun tuni, har likitoci masu bincike suna yin allurar arginine ta jijiya don su auna sauran ƙarfin da ya rage wa fankiriyas ɗin mutum. An kuma gwada furotin na ruwan madara, wanda ke ragewa idan an cire cuku. A wani gwaji da aka buga a 2014 daga Isra'ila, an ba masu ciwon suga 15 giram 50 na wannan furotin minti 30 kafin karin kumallo, sai hawan sugansu na bayan cin abinci ya ragu da kashi 28 cikin 100.

Amma ki duba adadin. Giram 50. Ki juya robar ki karanta mana nawa ne a kafso ɗaya.

Maman Ilham: An rubuta 500mg, a sha biyu safe biyu dare.

Malam Bashir mai famasi: To giram 2 ke nan a yini. Kafin ki kai giram 50 na wancan gwaji sai Hajiya ta haɗiye kafso 100 a zama ɗaya. Dafaffen ƙwai guda ɗaya yana da furotin kusan giram 6, daidai da kafso 12. Sannan wancan gwaji na 'yan sa'o'i ne bayan abinci ɗaya, ba wanda ya warke a ciki, ba wanda aka ce ya ajiye maganinsa.

Sadik: Malam Bashir, mu masu ɗaga ƙarfe muna shan garin BCAA kusan kullum. Babana yana da suga, kawuna ma yana da shi. Ni ina ɗauka ma kariya nake yi wa kaina da shi.

Malam Bashir mai famasi: Sadik, kai ne ma ya kamata ka ji wannan. BCAA ɗin amino asid uku ne: leucine, isoleucine da valine. Tun 1969 aka lura sun fi yawa a jinin masu ƙiba. A 2011 kuma masu bincike a Amurka suka buga nazari a kan mutane 2,422 na garin Framingham waɗanda sugansu lafiya lau yake, aka bi su shekara 12, mutum 201 suka kamu da ciwon suga. Da aka koma kan jinin da aka ɗiba tun farko, sai aka ga waɗannan ukun, da wasu biyu, tyrosine da phenylalanine, sun riga sun yi yawa a jinin waɗanda suka kamu tun kafin suga ya nuna. Kenan mai shirin kamuwa da ciwon suga ba ƙarancinsu yake da shi ba, yawansu yake da shi.

Sadik: Innalillahi. Kenan garin nan zai sa mini suga?

Dakta Hauwa: Bari in shigo nan kafin a tsorata Sadik. Malam Bashir ya faɗi daidai, amma a kula: a ga abu ya yi yawa a jinin mai ciwo ba ya nufin shi ya kawo ciwon. Jikin da ya fara ƙin jin insulin ba ya iya narkar da waɗannan amino asid ɗin da kyau, sai su taru. Akwai kuma gwajin ɓeraye na 2009 a Jami'ar Duke inda aka ƙara musu BCAA a kan abinci mai maiƙo, jikinsu ya ƙi jin insulin duk da ba su yi ƙiba kamar sauran ba. Masana na ta ja-in-ja a kan wanne ne ya riga wanne. Kai Sadik abin da ke kare ka shi ne ƙarfen da kake ɗagawa, saboda tsoka ita ce ke kwashe mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci. Garin kuwa ba kariya ba ne. Tunda ciwon yana gidanku, ka riƙa awon suga kafin ka karya ko sau ɗaya a shekara. Idan ya kai 126 a awo biyu daban-daban, ciwon suga ne.

Elhaji na Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Dakta, mu nan a takardar likita ba 126 suke rubutawa ba. Tawa an sa 1,45.

Dakta Hauwa: Alhaji, ma'auni ne ya bambanta. A Nijar da giram a lita ake rubutawa, 126 namu shi ne 1,26 naku. Naka 1,45 shi ne 145. Wasu injinan kuma suna nuna 7.0 a wurin 126, a raba da 18 ne. Idan kafin karyawa aka ɗauki naka, ya haura, ka koma wurin likitanka da takardar.

Elhaji na Maraɗi: Madalla, na gane. Irin kafson nan ma ya iso nan, daga Kano ake kawo shi, a wayar salula ake tallarsa.

Abu Safwan: Ni dai abin da nake gani, duk abin da ba daga asibiti ya fito ba sai ku taru ku kushe shi. Maganin naku shekara nawa ana sha, wa ya warke? Kuma wannan yana da lambar NAFDAC.

Malam Bashir mai famasi: Abu Safwan, ba kushe ba ne. Lambar hukuma ba shaidar cewa abu yana warkar da ciwon suga ba ce. Ka duba robarka, an yi masa rajista ne a matsayin ƙarin abinci. Ka nemi inda kamfanin ya rubuta a jikin roba cewa yana warkar da ciwon suga ko a daina magani. Da baki ake faɗin wannan, ba sa rubutawa.

Maganar wa ya warke kuwa tambaya ce mai kyau. Metformin ba ya warkarwa, riƙe ciwon yake yi don kada ya ci ido da ƙoda da ƙafa. Abin da aka tabbatar yana iya kwantar da nau'i na biyu har mutum ya zauna ba magani shi ne rage ƙiba sosai, musamman a shekarun farko na ciwon. An gwada a Birtaniya, aka buga a 2017, kusan rabin waɗanda aka sa a tsarin rage abinci sugansu ya dawo daidai bayan shekara ɗaya ba tare da magani ba. Ƙarƙashin kulawar likitoci aka yi.

Ummu Hanif: Tun ɗazu nake karantawa, hannuna har rawa yake. Maman Ilham, don girman Allah ki saurare ni. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, haka aka yi masa. Wani ya kawo masa gari a gwangwani da kafso, ya ce na gina jiki ne tunda ya rame. Baba ya ɓoye mana ya daina maganinsa, don mai kayan ya ce ba a haɗawa. Wata huɗu yana sha. Mu muna ganin ƙafarsa na kumbura muna cewa zama ne ya yi yawa. Fitsarinsa yana kumfa kamar an zuba omo, ya gaya wa ƙanina, ba wanda ya ɗauka wani abu ne. Ranar da muka kai shi asibiti suga ya wuce 400, aka ce ƙodar ta riga ta taɓu tun da daɗewa. Muka shiga wankin ƙoda sau biyu a mako, muka sayar da filinsa. Bai cika shekara ba.

Ba na cewa garin ne ya kashe shi, kwanansa ne ya ƙare. Amma wata huɗun nan da ya yi ba magani har yau suna ci mini rai. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, haka Baba ya kama.

Baba Tanko: Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Ki yi haƙuri 'yata.

Maman Ilham: Allahu akbar. Allah Ya gafarta masa, Ya ba ku haƙuri. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Abu Safwan: Allah Ya jiƙan Baba. Ban san ana kaiwa haka ba.

Dakta Hauwa: Amin. Ummu Hanif, na gode da kika iya faɗi. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna a maganar gaba ɗaya. Ragowar amino asid da jiki bai yi amfani da ita ba, hanta tana mayar da ita wani datti da ake kira yuriya, ƙoda ce ke tace shi ta fitar a fitsari. Ƙoda mai lafiya ba ta damu ba. Amma ciwon suga yana cin ƙoda a ɓoye, shekaru mutum bai ji komai ba. Wanda ƙodarsa ta fara taɓuwa kuma bai kai ga wanki ba, abin da ake so ya ci shi ne furotin kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 60, giram 48 ke nan, duka abincin yini. Kafso huɗu na giram 2 ba su ne abin tsoro ba a nan, manyan gwangwanayen gari da ake ɗiba da cokali su ne. Abin tsoro a kafson shi ne maganar da ke biyo shi, ta a daina magani.

Maman Ilham, shekara 9 da ciwo, yaushe rabon da a yi wa Hajiya awon ƙoda?

Maman Ilham: Dakta, ban taɓa jin an yi mata ba. Yatsa kawai ake tsira mata a kemis. Amma kwanan baya sau biyu tana cewa jiri na ɗibarta da hantsi, har da gumi da karkarwa, sai ta sha kunu ya lafa. Shi ya sa ma mai kafson ta ce maganin asibitin ne ke cinye mata jiki.

Dakta Hauwa: Wannan ya fi maganar kafson gaggawa. Alamar faɗuwar suga ce, kuma glibenclamide ya yi suna a kan haka, musamman ga manya da waɗanda ƙodarsu ta yi rauni, don yana daɗewa a jiki. Kada ku daina da kanku, kada kuma ku jira ranar da aka ba ta. Ki kai ta wurin likitanta cikin makon nan, ki faɗa masa daidai yadda kika faɗa mana. Ki roƙi awo uku: na ƙoda a jini, na furotin a fitsari, da HbA1c wanda ke nuna yadda suga ya kasance wata biyu zuwa uku. Kafin nan, kada ta sha ƙwayar ta zauna ba ta karya ba. In jirin ya dawo a auna nan take, in ya yi ƙasa da 70 a ba ta suga cokali uku na shayi zuwa huɗu a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15.

Sista Rabi: Ki kuma gaya masa shekara nawa tana shan metformin. Daɗewa a kansa yana rage bitamin B12, shi ma yana kawo kasala da jin ƙafa kamar ana tsira allura. In ma akwai abin ƙari da Hajiya ke buƙata, wataƙila wannan ne, kuma awo ne zai nuna.

Baba Tanko: Ni shekara 17 ke nan da ciwon nan, tun ina koyarwa. Na sha ɗaci iri-iri da aka ce yana kashe shi, ban ga wanda ya kashe ba. Abin da ya zauna da ni shi ne kwanona. Da safe alale ko ƙosai huɗu, koko rabin kofi ba suga. Da rana in shinkafa ce, waken ya fi ta yawa. Kwaɗon zogale da ƙuli ba ya wuce ni. Awara kuwa jikata ce ke soya mini. Wani likita ya taɓa ce mini in fara cin ganye da kifi, tuwo ya zo a ƙarshe. Na gwada da injina, na ga bambanci.

Malam Bashir mai famasi: Baba, abin da kuke yi an gwada shi. A 2015 a birnin New York aka ba masu ciwon suga 11 abinci iri ɗaya a rana biyu. Ran farko suka fara da burodi da ruwan lemon zaƙi, rana ta biyu suka fara da kaza da ganye, burodin ya biyo baya da minti 15. Bayan awa ɗaya sugansu ya yi ƙasa da kashi 37 cikin 100 a ranar da naman ya riga. Haɗin shinkafa da wake ma akwai hikima a ciki: gero da dawa da shinkafa suna da ƙarancin wani amino asid mai suna lysine, wake yana da shi da yawa, shi kuma wake yana da ƙarancin methionine wanda hatsi ke da shi. Waken suya da ake awara da shi yana da duka taran.

Elhaji na Maraɗi: Fara fa? Mu nan ita ce namanmu in lokacinta ya yi.

Malam Bashir mai famasi: Furotin ce sosai Alhaji. A dai kula da gishiri da man da ake soya ta, musamman mai hawan jini.

Abu Safwan: To ni yanzu saura rabin roba. In zubar?

Dakta Hauwa: Ka kai robar wurin likitanka ya karanta abin da ke ciki, don wasu ana cakuɗa su da wasu abubuwan. Kai ma ka yi awon ƙoda. Lemon da ka bari da tattakin asuba ka riƙe su da kyau. In wata ukun ya cika mai kayan ya ce ka ajiye metformin, kada ka ajiye.

Abu Safwan: Shi ke nan Dakta. Zan gwada wata ɗaya ba kafson in ci gaba da sauran, in riƙa rubuta awon kullum. Zan kawo muku lambobin nan.

Maman Ilham: Salamu alaikum, na dawo da bayani. Yau Laraba muka je. Likita ya ce jirin faɗuwar suga ne kamar yadda Dakta Hauwa ta ce, ya cire glibenclamide ya canza mata wani. HbA1c ɗinta 7.4. An ga furotin kaɗan a fitsari, ya ce a maimaita bayan wata uku, ya kuma ƙara mata maganin hawan jini da ya ce yana kare ƙoda. Na mayar wa matar da robarta, ba ta ji daɗi ba amma ta karɓa. Hajiya ta ɗan yi fushi da ni a hanya, sai da na karanta mata saƙon Ummu Hanif, ta yi shiru, ta ce in tambayi sunan mahaifinta za ta sa shi a addu'a.

Ummu Hanif: Allah Ya saka wa Hajiya da alheri. Zan turo miki ta akwatin sirri.

Maman Ilham: Baba Tanko, alalen naku da manja ake yi ko da man gyaɗa? Hajiya ce ta ce in tambaye ku.

Baba Tanko: Manja ne 'yata, cokali ɗaya a kullun gwangwani shida. A sa albasa da yawa da ɗan busasshen kifi.